Baƙon da Ya Kawo wa Masu Gida Kofi: Kadiri Ikhana a Ma'aunin Tarihi

A watan Mayun 2008 Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta Najeriya, karo na farko tun da aka kafa ta. Shekara 18 ƙungiyar tana nema. Kano kuwa shekara 30 rabonta da wannan kofi, tun wanda Raccah Rovers ta kawo a 1978. Washegari, tun muryar magoya baya ba ta washe daga ihu ba, kocin da ya ciyo kofin, Kadiri Ikhana, ya ce ya ajiye aiki. Dalilin da ya bayar shi ne cin hanci ya yi wa ƙwallon Najeriya katutu. Abu biyu ke nan ya bar wa Kano cikin kwana biyu, kofi da magana. Kofin muka rungume hannu bibbiyu, maganar kuwa muka tsallake ta kamar ba a yi ba.

In kana son jin yadda Kanawa ke auna wannan mutum, ka je Bata bayan La'asar. Wuri ne da Fagge da Sabon Gari suka haɗa kafaɗa, ga kasuwar Sabon Gari ta wannan hannu, ga hanyar Kantin Kwari ta wancan, 'yan adaidaita sahu suna ta kiran fasinja. A teburin mai shayi za ka tarar da Bafagge da Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota da Bayarabe tela suna musu ɗaya, kowa da irin Hausarsa. Yawancin musun na Turai ne: shekara 26 da Alex Ferguson ya yi a Manchester United, da shekara 22 na Arsene Wenger a Arsenal, da wanda ya gina da wanda ya tarar an gina. Amma da zarar wani dattijo ya sako zancen Pillars, sai majalisa ta dāre gida uku. Wasu su ce Ikhana ne uban tafiya. Wasu su ce ai koci Baba Ganaru ya ci kofi biyu, don haka lissafi ya raba gardama. Na ukun su ce duk ku bar wahalar da kanku, filin Ƙofar Mata ne ke cin wasa, ko wa aka zaunar a benci. Kowanne na da hujja, kuma ba a gane nauyin hujjojin sai an koma baya.

Ƙwallo a Kano da baƙi ta shigo. Layin dogo ya iso garin a 1911, ba da jimawa ba Turawan mulki suka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka biyo layin daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa tun kafin nan masaukin fatake ce, mutanenta sun saba da baƙo da abin da baƙo ya zo da shi. Tsakanin waɗannan unguwanni biyu wasan ya yi saiwa, kuma har yau filin da ke Sabon Gari, wanda ake kira filin Pillars, yana nan a matsayin shaida. A 1953 tawagar Kano ta ci Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauke shi. Sai zamanin Raccah Rovers, wadda sunanta ya kai inda ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna a 1978, Pele da kansa yana cikin fili. A shekarar ta ci gasar ƙasa. Daga nan tauraruwarta ta dusashe, garin ya shiga dogon fari.

A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars. Cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki akwai Alhaji Ibrahim Galadima, mutumin Fagge, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Sabuwar ƙungiyar ta fara da ƙafar dama, domin a 1991 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Bayan haka sai shekaru suka yi ta wucewa: ga 'yan kallo fili ya cika ya batse, ga 'yan wasa masu kyau da ake saye ana tafiya da su, ga kirarin Sai Masu Gida, amma ɗakin ajiye kofi wayam. Kofin gasa yana yawo tsakanin Legas da Ibadan da Owerri da Aba da Fatakwal, in ya leƙo arewa ya tsaya a Gboko ko Makurɗi. Yaron da aka haifa a shekarar da Raccah ta yi nasara ya girma, ya yi aure, ya haihu, bai taɓa ganin Kano a saman tebur ranar rufe gasa ba. Irin wannan jira yana haifar da wata cuta a zuciyar magoya baya, su riƙa ganin kamar kofi ba rabonsu ba ne, su wadatu da cewa dai ba a cin su a gida.

Wanda aka ɗauko ya warkar da wannan cuta ya san ta ciki da bai. An haifi Kadiri Ikhana a Ilori ranar 31 ga Disamba 1951, asalinsa kuwa mutumin jihar Edo ta yanzu ne. Ya yi aikin soja, ya buga wa sojoji ƙwallo, sannan ya koma Bendel Insurance ta Benin, inda suka ci Kofin Ƙalubale a 1978 da 3-0 a kan Rangers ta Enugu, a daidai shekarar da Raccah ke sharafinta a Kano. Yana cikin tawagar ƙasa ta Green Eagles da ta ciyo wa Najeriya kofin ƙasashen Afirka karo na farko a Legas ranar 22 ga Maris 1980, lokacin da aka lallasa Aljeriya da 3-0 a gaban Shugaba Shehu Shagari, Otto Gloria na Brazil yana koci, Christian Chukwu yana kyaftin. Da ya rataye takalmi sai ya shiga horarwa, ya zaga ƙungiyoyi irin su El-Kanemi da BCC Lions ta Gboko, ya koyi halin ƙasar nan gari-gari.

Abin da ya ɗaga sunansa ya faru ne a 2003. Tun da aka fara gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a tsakiyar shekarun 1960, babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa cin ta. Rangers ta kai wasan ƙarshe ta faɗi, Shooting Stars ta kai sau biyu ta faɗi, Iwuanyanwu Nationale ma ta kai ta faɗi. Har aka fara cewa an yi wa Najeriya baki ne. Ikhana yana riƙe da Enyimba ta Aba a shekarar, kuma a zagayen rukuni Ismaily ta Masar ta zazzaga musu 6-1. Wani kocin da daga nan ya tattara komatsansa. Shi kuwa ya tsaya, suka sake haɗuwa da Ismailyn a wasan ƙarshe, Enyimba ta ci 2-0 a Aba, aka ci ta 1-0 a Masar, ta taho da kofi. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon koci na shekarar. Saboda haka mutumin da ya sauka a Kano ya riga ya taɓa karya irin wannan ƙofa, wadda ta fi ta Kano kauri. Ɗan wasa in ya dubi benci ya ga wanda ya ci Afirka a matsayin ɗan wasa, ya kuma ci a matsayin koci, gardama takan yi masa wuya, tsoron abokin hamayya kuma yakan ragu.

Kafin a gane girman abin da ya yi a kakar 2007 zuwa 2008, sai an san yadda gasar Najeriya take a wancan lokaci. Ƙungiyoyi 20 ne, kowacce wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Kusan duka na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa, shugabanninsu gwamna ke naɗawa. Tafiya a mota ake yi, daga Kano zuwa Kalaba ko Yenagoa, a kwana a hanya, a sauka da kumburarriyar ƙafa a shiga fili. Mai masaukin baƙi shi ke ɗaukar ɗawainiyar alƙalan wasa, kuma wanda ya ci ladan kuturu an san abin da ke kansa. Ga 'yan kallo a bakin layi, ga ƙarancin jami'an tsaro, ga mafi yawan wasanni babu kyamarar talabijin da za ta tona asiri. Sakamakon haka kowa zaki ne a gidansa. In ƙungiya ta cinye wasanninta 19 na gida tana da maki 57, amma abokan takararta ma kusan abin da za su tara ke nan. Ashe kofi ba a gida ake cin sa ba. Ana cin sa ne da ɗan canjaras ɗin da aka ƙwato a Aba, da makin da aka tsira da shi a Ilori, a ranar da komai na filin yake gāba da kai.

Nan ne hujjar mutanen rukuni na uku ke da rauni. Gaskiya ne filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama kabarin baƙi tun kafin zuwan Ikhana, domin jerin wasannin gasa da Pillars ta yi ba a ci ta a gida ba ya faro ne tun 2003. To, in fili ne ke ba da kofi, me ya hana shi bayarwa a 2004 ko 2006? Abin da ya ƙaru a 2008 shi ne ƙungiyar da ta iya fita daga Kano ba tare da ta bar zuciyarta a Ƙofar Mata ba. An san Ikhana da horo irin na bariki: lokaci lokaci ne, atisaye ba wasa, babba da yaro duk doka ɗaya. Bai kuma yi aikin shi kaɗai ba. A gefensa akwai Salisu Yusuf, mutumin Zariya, wanda daga baya ya kai har bencin Super Eagles, ga gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau da ke riƙe da lalitar, ga 'yan wasan wancan zamani irin su Gambo Muhammad da marigayi Bello Musa Ƙofarmata da gola Theophilus Afelokhai da Victor Namo. Ka dubi sunayen nan kawai, za ka ga Bata a cikinsu: ɗan cikin ganuwa da ɗan kudu da ɗan tsakiyar ƙasa, duk cikin riga ɗaya mai ruwan ɗorawa da kore.

Sai kuma maganar washegari. Wanda aka ci, in ya ce an yi maguɗi, sai a ce zafin kaye ne, a yi masa dariya a wuce. Amma wanda ke riƙe da kofi ya buɗe baki ya ce gasar da na ci ɗin nan ruɓaɓɓiya ce, wannan ba shi da abin da zai samu sai baƙin jini. Hasali ma ya san masu hamayya za su juya maganar su soki nasa kofin da ita. Wannan ne ya ba furucin nauyi, shi ne kuma ya sa ya yi wa Kano wuyar haɗiya, domin ranar suna ba a son mai zancen bashi. Abin da ya faɗa kuwa ba sabo ba ne ga masu bin gasar. A 2006 Akwa United, tana neman ƙwallaye masu yawa don ta hau babbar gasa, ta ci Calabar Rovers 13-0. A watan Yulin 2013 abin ya kai inda duniya duka ta yi mana dariya: a wasannin neman hawa mataki, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67-0, a rana ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara biyar kafin wannan abin kunya, wani ya faɗa daga kan kujerar zakara, ba a saurare shi ba.

Abin da ya biyo bayan tafiyarsa shi ne ya fi rikita masu awo. Da ƙungiyar ta rushe da ya juya baya, da sai a ce shi ne komai. Ba ta rushe ba. A 2009, ƙarƙashin Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka da tikitin da kofin 2008 ya ba ta, ta haɗu da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kambu. Aka yi 1-1 a gida, kowa ya ce an gama. Aka je Alƙahira aka tashi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje. Ta jagoranci rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, sai a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida Heartland ta Owerri ta tare ta da 4-0 da 1-0. A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro mai gudu kamar barewa, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a gasa, ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Masu ƙaunar Ikhana na cewa duk wannan girbin shukarsa ne. Masu suka na cewa ga shi nan an yi ba tare da shi ba, har an fi. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, kuma na biyun yabo ne da aka yi wa kallon suka. Maginin kirki shi ne wanda in ya sauka daga kan gini, katanga ba ta biyo shi.

Daga nan aka shiga shekarun da Pillars ba ta taɓa ganin irinsu ba. Muhammad Baba Ganaru ya ci gasa a 2012, ya maimaita a 2013. Okey Emordi ya cika ta uku a jere a 2014, Rabi'u Ali Pele yana juya tsakiyar fili, Shehu Abdullahi yana tasowa. Wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ya san da wane irin yanayi aka ci waɗannan kofuna. Ranar 20 ga Janairun 2012 hare-hare suka girgiza garin. A watan Maris na 2013 bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari, taku kaɗan daga Bata. A watan Nuwamban 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari. Shingayen bincike ko'ina, mutane na kallon juna da zargi, maƙwabcin jiya ya zama abin tsoro. A irin wannan lokaci ƙungiyar ƙwallo ce kusan abu ɗaya da mai shago a Sabon Gari da mai rumfa a Kwari suke cewa namu da baki ɗaya. Wannan lada ne da babu mai ƙwace wa Ganaru da Emordi, kuma in kofuna kaɗai ake ƙirgawa, Ganaru ne a gaba.

Sai dai akwai abin lura. Emordi shi ne ya gāji Ikhana a Enyimba, ya kare kofin Afirka a 2004. Wato kociyoyi biyun da suka taɓa ciyo wa Najeriya wannan kofi, dukansu sun zo Kano sun ci gasa. Amma a fagen Afirka Pillars ba ta sake taka inda ta taka a 2009 ba. AC Leopards ta Kwango ta fitar da ita a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tetouan ta Maroko a 2015, duk tun kafin zagayen rukuni. Zakaran da ke cara uku a jere a gida, in ya tsallaka iyaka sai ya yi laƙwas. Wannan ba ciwon Kano kaɗai ba ne, ciwon gasar ne baki ɗaya, kuma yana komawa ga maganar nan da aka ƙi ji. Gasar da mai gida ya saba samun alfarma ba ta koya wa ɗan wasa yadda ake cin wasa inda babu alfarma.

Shekarar 2015 ta zo da jarrabawa. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Muhammad. A watan Agusta Nasarawa United ta shigo Kano ta ci 2-1, ta kawo ƙarshen shekara 12 da wasa sama da 200 ba a ci Pillars a gida ba. Da aka rufe kaka, kofin ya bar Kano ya koma Aba wajen Enyimba. Kocin da ya karɓe shi daga hannun Masu Gida kuwa ba wani ba ne, Kadiri Ikhana ne, yana da shekara 63. Shi ya buɗe wa Kano ƙofa, shi ya zo ya rufe ta da hannunsa. Tun daga 2014 kofin gasa bai sake kwana a garin nan ba.

Nan kuma masu suka ke samun babbar sanda. Suna cewa, Malam, wanda ya ce kasuwa ta ruɓe ya tashi, me ya dawo da shi ya sake kasa kaya? Tambaya ce mai kyau. Ikhana ya koma horarwa, ya riƙe ƙungiyoyi daban-daban, ya karɓi Super Falcons a 2012, ya sauka a ƙarshen shekarar bayan sun ƙare a mataki na huɗu a gasar matan Afirka da aka yi a Ikwatoriyal Gini, abin da ba a saba gani ba ga tawagar da ta mamaye nahiyar. Tun kafin nan ma, tawagar 'yan ƙasa da shekara 23 da ya jagoranta ba ta samu zuwa gasar Olamfik ta 2004 a Atina ba. Duk waɗannan suna cikin littafinsa, kuma mai awo na gaskiya ba ya ɓoye su. Game da dawowar, abin da zan ce shi ne mutumin da bai san wata sana'a ba sai ƙwallo tun yana saurayi, ba abin mamaki ba ne in fushi ya huce ya koma. Komawar ta rage wa matakin da ya ɗauka kwarjini, amma ba ta mayar da abin da ya faɗa ƙarya ba.

A watan Nuwamban 2016 Pillars ta sake kiran sa. Magoya baya suka yi murna, ana ganin tsohon hannu ya dawo, 2008 za ta maimaita kanta. Ba a yi wata shida ba aka rabu. A watan Afrilun 2017 Akwa United ta ci Pillars 1-0 a Ƙofar Mata, wasu 'yan kallo suka tayar da yamutsi, hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, kuma kafin watan ya ƙare Ikhana ya bar kujerar. Ga darasi a nan mai ɗaci. Imanin da aka samu a 2008, cewa Kano za ta iya, a hankali ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, cewa Kano ba ta da izinin faɗuwa. Mutumin da ya koya wa garin ɗanɗanon nasara shi ne wannan yunwa ta fara cinyewa. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ba kuma na 'yan kallo kaɗai ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: shugabannin da ke sauya koci duk lokacin da aka yi ihu su ne suka koya wa masu ihu cewa ihu na aiki.

Ibrahim Musa Jugunu, ɗan gida, shi ya karɓa. A 2018 ya kai Pillars wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato tsohon Kofin Ƙalubale, a Asaba, tana gaba da 3-0 Rangers ta farke duka, ta kuma yi nasara a bugun fenareti. A 2019 ya rama wa garin a Kaduna, aka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, kofin da Kano ta rabu da shi tun 1953 ya dawo bayan shekara 66. Amma a 2022, bayan kakar da ta sha rigimar 'yan kallo da tara da zaftare maki, ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta gangara ajin 'yan dagaji, sai a 2023 ta hauro. Wanda ya bi zaren daga 2017 zuwa 2022 zai ga ba ƙarancin gwanaye ne ya kayar da ita ba.

To, a ina za a ajiye Ikhana? Kuskuren majalisar Bata shi ne auna shi da mudun Turai. Ferguson da Wenger an ba su shekaru, an ba su ikon sayen ɗan wasa da sallamarsa, sun gina makarantar yara, sun tsufa a kujera ɗaya. Koci a Najeriya ɗan ƙodago ne: a kira shi a ba shi fartanya, in damina ta yi kyau a yaba wa mai gona, in ta ƙi a kore shi, wani lokaci ma da ragowar haƙƙinsa a hannun mutane. Kofunan gasa huɗu na Pillars kociyoyi uku ne suka kawo su, babu wanda ya daɗe a cikinsu. A irin wannan tsari ba a tambayar wace daula mutum ya kafa. Ana tambayar me ya tarar, me ya bari. Ikhana ya tarar da ƙungiyar da ake tsoron filinta amma ba a lissafa ta cikin masu cin kofi. Ya bar ƙungiyar da ta shiga Alƙahira ta fitar da Al Ahly, ta kuma ci gasa sau uku a jere cikin shekara shida da tafiyarsa. Kofi na biyu da na uku gwaninta ke kawo su. Na farko sai an haɗa da wanda zai cire wa mutane shakka, kuma wannan sau ɗaya ake yin sa a tarihin ƙungiya.

Sunan Bata kansa daga kantin takalma na wani kamfanin Turai ya samo asali, amma yau dubban masu faɗin sunan kullum ba takalmi ne ke zuwa ransu ba, wurin ya zama na Kano. Haka kofin 2008 ya zama, har yaran da ke sanye da rigar Pillars a titunan Fagge ba su san baƙo ne ya ɗauko shi ba, kuma hakan ba laifi ba ne, domin abin da baƙo ya kawo in ya karɓu, na masu gida ne. Rabin gādon ke nan, kuma an ci moriyarsa. Ɗaya rabin, maganar da ya yi washegari, yana nan ba a taɓa shi ba. Duk ranar da aka tare alƙalin wasa a bakin fili, ko aka jefi motar baƙi, ko aka sallami koci don a kwantar da hankalin masu ihu, tsohon sojan nan ne ke ƙara yin gaskiya.